Yadda Minista Ya Janye Tallafi

A layin nan kaf babu wanda ya tuna sunansa na yanka. Tun da ya ɗauki ɗabi'ar cewa "Da ni ne minista" a kan kowace magana, daga ramin titi har zuwa tsadar albasa, aka laƙaba masa Minista, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Aski yake yi a wani ɗan shago mai kujera ɗaya, madubi biyu, da janareta mai tari kamar tsoho.

Ranar da aka ƙara kuɗin fetur karo na uku cikin wata biyu, yana tsakiyar aske kan Direba, mai motar haya. Ya ci rabin kan, ya ɗaga injin aski sama kamar mai riƙe da lasifika.

"Ku ba ku san siyasar mai ba. Gwamnati ta ce dala ce. Dala ta ce yaƙi ne. Yaƙi ya ce jiragen ruwa ne. Jiragen ruwa suka ce 'yan kasuwa ne, 'yan kasuwa kuma suka ce gwamnati ce. Kun ga an zagayo gida, ba a kama kowa ba."

"Minista, ƙarasa min kaina," in ji Direba.

"Tsaya. Ɗanyen man namu ne, mu kai shi waje a wanke, mu sayo shi da tsada. Kamar ka kai rigarka wanki, mai wanki ya sayar maka da ita. Sannan a zo a janye tallafi! Tallafi haƙƙin talaka ne. Duk wanda ya janye tallafi, wuta balbal, ba sai an yi masa hisabi ba."

Iya Mai Niƙa, wadda injinta ke jikin shagon, ta leƙo da gari a gira. Tun safe ba ta kunna injin ba.

"Kai dai ɗan nan, baki gare ka kamar gidan rediyo. In ka isa, yi mana man mu gani."

"Iya, ni kike ƙalubalanta?"

"Kai fa. Faɗa da baki ba ya tuƙa mota."

Minista ya kashe injin aski. Makon jiya ya ga wani a waya yana narka robobi, wani ruwa na ɗiga a kwalba. Bai kalla har ƙarshe ba, katin wayarsa ya ƙare, amma a ganinsa mai hankali ba sai an gama masa magana ba.

"Kwana bakwai," ya ce. "Ranar Laraba matatar mai za ta fara aiki a bayan ɗakina. Ku rubuta ku ajiye."

"Kaina fa?" in ji Direba.

"Kanka ba ya cikin manyan matsalolin ƙasa."

Kafin magariba ya haɗa matata. Tsohon duro ɗaya, tiyon wankin mota, babbar tukunyar matarsa, da kan famfo da ya kwance daga banɗaki. Matar ta dawo daga wajen ɗinkinta ta tarar ruwa na tsartuwa a bango.

"Maigida, ina kan famfon?"

"Ya samu ƙarin girma."

"Tukunyata fa?"

"Uwar yara, tukunyarki ta shiga tarihi. Nan da wata guda za ki rinƙa wanke hannu da fetur."

"Ni da ruwa nake so in wanke, ga shi ka hana."

Aka yi shela a layi cewa duk mai tsohuwar roba ya kawo. Mutane suka ga banza ta faɗi, suka kwaso duk sharar da suka rasa inda za su kai: fasassun bokitai, silifas ƙafa ɗaya, ledoji, har da wata kujerar roba mai ƙafa uku. Minista ya cika duro ya hura wuta.

Kwana shida hayaƙi na tashi. Shanyar maƙwabta ta koma baƙa. Kajin gidan suka tattara suka ƙaura layin baya. Wani maƙwabci ya zo ƙorafi da hanci a toshe, Minista ya ce masa warin ci gaba ke nan, ƙasashen da suka ci gaba duk haka suke wari.

Da safiyar Laraba ya buɗe famfo. Abu ya ɗigo sau huɗu, baƙi ƙirin, mai kauri kamar kwalta. Ya kara masa ashana, ashanar ta mutu. Ya sake karawa, ta sake mutuwa. A ƙofar gida kuwa har an fara taruwa, yana jin muryar Iya tana cewa, "Ku matsa min gaba, ni na fara zuwa kallon ƙarya."

Ƙarya! Shi? Minista ya dubi duro, ya dubi ƙofa. Ya zagaya ta baya ya shiga shago, ya tsiyaye man janaretansa tas, ya juye a tukunyar da ke ƙarƙashin famfon. Ya gyara hula, ya buɗe ƙofa.

Aka ɗebo man aka ɗura wa injin Iya. Ja ɗaya, injin ya ɗauka, yana ruri kamar sabo. Layi ya kaure da shewa. Iya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ɗan nan, na ɗauki alhakinka da baki. Har ƙamshinsa irin na gidan mai."

"Ya fi shi, Iya. Wannan bai sha wahalar jirgi ba."

"Nawa lita?" Direba ya tambaya.

Nan ne ya kamata Minista ya yi tari ya ce sai an yi lissafi. Amma idanu sun yi masa yawa, kansa ya kumbura har hular na matse shi.

"Rabin na gidan mai!"

Suka ɗaga shi sama, suka zagaya da shi layi har ƙarshe, suka dawo suka ajiye shi, kowa ya ruga gida ɗauko jarka.

Daga ranar Minista ya samu sabon aiki. Da sassafe ya tura baro zuwa wani gidan mai mai nisa inda ba a san shi ba, jarkoki a ƙasa, tarin robobi a sama. Ya saya a cikakken farashi, ya turo baro yana haki, ya juye a tukunya, ya hura wuta don hayaƙi ya shaida, sannan ya sayar a rabi. Mai ba da man a can, wata mace mai yawan fara'a, har ta fara ce masa "babban kwastoma". A hanya in an tambaye shi me ya ɗauko, sai ya ce, "Ɗanyen kaya."

Kwana uku, madubi ɗaya ya bar shago. Kwana biyar, fanka ta bi shi. Rediyon da yake jin labaran duniya da shi ma ya tafi, ya ce ai yanzu shi ne labarin.

Matarsa ce ta fara ganewa. Tana wanki ta zaro wata 'yar takarda daga aljihun wandonsa, ta same shi gaban duro yana fifita wuta.

"Maigida, matatarka rasit take bayarwa?"

"Wane irin rasit?"

"Mai tambarin gidan mai. Ga shi har da 'mun gode, sai kun dawo'."

Ya fisge takardar ya jefa a wuta. "Sirrin masana'anta ne. Kowace matata haka take farawa, sai an ɗan tallafa mata."

"Wa ke tallafa mata?"

"Gwamnatin cikin gida."

"Gwamnatin cikin gida ta sayar da fanka, talakawanta na kwana da zufa. Ka fita ka gaya wa mutane gaskiya tun akwai sauran kujera."

"In ce musu me? Na yi ƙarya? Jiya wani ya gaishe ni da 'ranka ya daɗe'. Tun da nake aski ba a taɓa ba."

"To 'ranka ya daɗe' za mu dafa yau?"

A waje kuwa layin masu jarka ya kai bakin titi. A cikinsu akwai Dogo, ƙanin matar tasa, wanda ba shi da mota, ba shi da babur, ba shi da ko fitilar da ke shan mai. Amma sau huɗu yake shiga layi a rana: da safe da hula, da hantsi babu hula, da azahar da baƙin tabarau, da la'asar yana ɗingishi.

Ana haka gidajen mai suka hana sayarwa a jarka, wai sun lura mai na ɓacewa a yankin. Minista ya turo baro fayau, gumi na bin bayansa, ya nufi mararraba inda 'yan bumburutu ke sayarwa a bakin hanya da tsada. Mutum na farko da ya gani, zaune a inuwa ƙafa ɗaya kan ɗaya, Dogo ne. Gabansa jarkoki biyu masu lita goma-goma da mazurari.

Suka dubi juna. Dogo ya dubi baro, ya ɗaga wata fasasshiyar roba da yatsa, ya ga jarkokin da ke ƙasa. Murmushi ya bazu a fuskarsa a hankali.

"Yaya, ɗanyen kaya ake nema?"

"Wannan man ai nawa ne!"

"Naka ne da safe. Yanzu nawa ne."

"To sayar min yadda na sayar maka."

"Haba Yaya. Kasuwa ke yanka farashi, ba surukuta ba. Dala ta tashi."

"Ina ruwan dala da tafiyar taku ɗari biyu?"

"Akwai kuɗin dako, akwai haɗarin hanya, ga rana. In ya yi maka tsada, ai kana da matata."

"Zan gaya wa yayarka."

"Ni kuma in gaya wa layi?"

Dole Minista ya saya. Tun daga ranar lita ashirin ɗin nan ba su ƙara ganin cikin inji ba. Minista ya sayar wa Dogo a rabi, Dogo ya kai mararraba, Minista ya bi shi ya sayo a ninki, ya juye a tukunya, Dogo ya canza hula ya dawo. Man ya san hanyar nan har da a ce an sake shi da kansa zai je. Dogo ya yi sabon takalmi. Madubi na biyu ya bar shago, masu zuwa aski suka koma tambayar juna, "Ya yi?"

Ranar kwana goma sha biyu, Minista ya hau benci a ƙofar gida, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, bayan dogon nazari, hukumar matata ta yanke shawarar daidaita farashi. Daga yau lita ta koma daidai da gidan mai."

Direba ya ajiye jarkarsa.

"Wato ka ƙara kuɗi."

"Ban ƙara ba. Daidaitawa na yi."

"Ka janye tallafi!"

"Tallafin ba ya isa ga talaka, wasu 'yan tsiraru ke cinye shi." Ya harari Dogo. Dogo ya gyara tabarau ya ɗaga hannu sama ya yi ihu, "Ba mu yarda ba!"

Kafin ka ce kwabo an yayyaga kwalaye an yi rubutu da gawayi. Iya Mai Niƙa ce a gaba, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, kwalinta a juye domin ba ta iya karatu ba, amma muryarta a miƙe take.

"Robobinmu ne! Arzikinmu ne! Bokitina na cikin duron nan!"

"Da bakinka ka ce duk wanda ya janye tallafi wuta balbal," in ji Direba. "A kan kaina ka faɗa, rabinsa na shaida."

"Lokacin ina adawa ne. Yanzu na ga takardu." Minista ya share gumi. "Ku yi haƙuri, wahalar ta ɗan lokaci ce. Kuma don rage raɗaɗi, kowane magidanci zai samu aski kyauta."

"Gaba ɗaya kan?"

"Gefe ɗaya. Ɗaya gefen sai zagaye na biyu."

Wani silifas ya taso daga cikin taro ya cire masa hula. Da na biyu ya biyo baya, da ba a san inda abin zai tsaya ba, sai ga wata doguwar mota ta kutso layin tana hon. Kansila ne, wanda ba a ƙara ganinsa ba tun zaɓen da ya wuce, ga shi kuma wani zaɓen saura mako uku. Ya fito cikin fararen kaya, ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'ata! Kukanku ya iso kunnena. Muddin ina raye, ba za a ƙara ko sisi a matatar nan ba. Ranar Asabar zan ƙaddamar da ita da hannuna!"

Aka yi tafi. Ya ja Minista gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya.

"Riƙe min farashin nan zuwa zaɓe. Bayan zaɓe ka ninka sau uku, ban san ka ba, ba ka san ni ba."

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala ta..."

"Da 'yan jarida zan zo. Kuma ina neman mai ba ni shawara kan makamashi."

Nan take Minista ya manta da matsalar. Mai ba da shawara! Ya ga kansa a bayan mota, gilashi a rufe.

"An gama, ranka ya daɗe."

Ranar Juma'a ya sayar da janareta, ya tura baro mararraba. Ya tarar da Dogo zaune babu jarka ko ɗaya.

"Man ya ƙare, Yaya."

"Ya ƙare ina? Ba a ƙona shi ba!"

"Na ji ƙishin-ƙishin za a ninka bayan zaɓe. Wawa ne zai sayar yau."

"A ina ka ɓoye shi?"

"Ɓoyewa? Ajiyar gaggawa dai."

Ya roƙa, ya yi barazana, ya tuna masa da wanda ya yi masa askin ango kyauta. Dogo ya ce abin ya fi ƙarfinsa, daga sama ne. Sauran 'yan bumburutu ma duk sun ji ƙishin-ƙishin ɗin.

Minista ya dawo gida ya tsaya gaban duro, hannu a ƙugu. Matarsa na kallonsa daga bakin ƙofa.

"Maigida, je ka samu Kansila ka ce ba ka da lafiya."

"Uwar yara, na gano kuskuren. Wuta ce ba ta isa ba. Gobe matatar nan za ta yi aiki da gaske."

"Ni da yara za mu kalla daga tsallaken titi."

Asabar ta yi. An kafa rumfa, an jera kujeru, an fito da duro ƙofar gida an ɗaura masa kyalle ja. Tun da hantsi Minista ya ɗura masa duk abin da ya rage: silifas, ledoji, tsohuwar taya, da kujerar nan mai ƙafa uku. Ya ɗaure murfin da waya, ya hura wutar da ba a taɓa hura irinta ba. Duro ya fara wani gurnani, cikinsa na kumbura.

Kansila ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan matata. Ya ce shi ya ba da shawarar tiyon. Ya ce 'yan adawa ko tukunya ba za su iya haɗawa ba. Sannan ya yanke kyalle, ya durƙusa, ya juya wa mai hoto fuska, ya murɗa famfo.

Famfo ya yi tsaki.

Ya sake murɗawa. Famfo ya yi atishawa, ya yi shiru.

"Minista?" in ji Kansila, haƙora a waje saboda hoto.

"Kunya yake ji, ranka ya daɗe. Bai saba da manya ba."

Minista ya cire takalmi ya ƙwanƙwasa wa duro sau biyu. A na uku, murfi ya tashi da ƙara kamar an fasa taya goma. Ya haye sama da rumfa yana juyi, ya sauko a kan doguwar motar. Tiyo ya fisge kansa ya shiga rawa kamar maciji, yana feshin baƙin kwalta mai ɗumi. Ya fara da Kansila, daga hula har takalmi, ya bi sahun gaba ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan Kansila kamar ya manta wani wuri. Narkakken silifas ya faɗo ya manne a lasifika. Babu wanda ya ji ciwo, amma babu wanda uwarsa za ta gane shi.

Sai wata murya mai fara'a ta taso daga baya. Mai ba da man nan ce ta gidan mai mai nisa, ta zo ganin matatar da ake cewa za ta kashe musu kasuwa.

"Au! Wannan ne Ministan? Ai babban kwastomanmu ne! Kullum jarka huɗu a baro. Tun da aka hana jarka, manaja ke kewarka."

Kawuna suka juya. Iya Mai Niƙa ta share kwalta daga ido, ta tako a hankali.

"Ɗan nan, man da na yi ta niƙa da shi fa?"

Daga tsallaken titi matarsa ta amsa. "Madubinsa ne, Iya. Na Talata kuma fankarmu ce."

Kansila ya ɓamɓare silifas daga lasifika. Idanunsa kawai ake gani. "Jama'a, wannan makircin 'yan adawa ne! Zan kafa kwamiti!" Ya shige mota da murfin duro a kanta, direbansa ya ja, suka bar layin da sawun baƙi.

Minista ya tsaya shi kaɗai, takalmi ɗaya a hannu, yana jiran duka. Direba ya matso, ya daɗe yana kallonsa.

"Wato da kuɗinka kake sayowa, ka ba mu a rabi?"

Minista ya sunkuyar da kai.

"To ai ba mu ce ka daina ba. Gobe ƙarfe nawa za a buɗe?"

"A ci gaba! A ci gaba!" taro ya ɗauka, Dogo ya fi kowa ƙarfin murya. Nan ne Minista ya jefar da takalmin, ya tattare riga, ya zura da gudu, masu jarka na bin sa har ya ɓace a kwana.

Ranar Litinin aka gan shi ƙarƙashin bishiyar bakin layi da kujerarsa, almakashi, da ɗan madubin kwalliyar matarsa wanda ta ba shi aro da sharaɗin ya dawo da shi kafin magariba. Duro na nan a ƙofar gida, baki a wage, an rataya masa kwali: AN RUFE DON GYARA.

Direba ya zauna a kujera, ya nuna kwalin da haɓa.

"Minista, yaushe za a gama gyaran?"

Minista ya kama kansa ya danna ƙasa.

"Ta gwamnati shekara nawa tana gyara, ka taɓa zuwa ka tambaye ta? Sunkuya."